Jiragen ruwan shaƙatawa na wuce gaɓar Afirka ta Yamma: Me ya sa kaɗan ne ke tsayawa?

A ƙarshen watan Nuwamban kowace shekara, tashar ƙananan jiragen ruwa ta birnin Las Palmas da ke tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya takan cika maƙil. Ana ta loda dankali da albasa da jarkokin ruwa, masu gyara na hawa dogayen sandunan jirage suna duba igiyoyi, iyalai na sallama da juna. Idan ranar tashi ta zo, sai jiragen su fice daga tashar ɗaya bayan ɗaya, su kama hanyar tsallake Tekun Atlantika.

Wannan shi ne gangamin ARC, wanda Jimmy Cornell, wani ɗan jarida haifaffen ƙasar Romaniya da ya yi aiki da BBC, ya ƙirƙiro a 1986. A karon farko jirage sama da 200 ne suka tashi zuwa tsibirin Barbados. Daga baya aka mayar da zangon ƙarshe zuwa Rodney Bay a tsibirin Saint Lucia da ke yankin Karibiyan. Tafiya ce ta mil 2,700 na teku, wato kusan kilomita 5,000, wadda akasarin jiragen ke yi cikin kimanin mako uku.

Galibin waɗannan jirage ba irin na hamshaƙan attajirai ba ne da ake gani a finafinai. Tsawonsu mita 12 zuwa 15 ne, iska ce ke tura su ta hanyar manyan ƙyallaye da ake kira filafilai, sai ƙaramin injin gas da ake kunnawa idan iska ta ɗauke ko za a shiga tasha. Masu su kuwa yawanci 'yan fansho ne, ko mata da miji da suka yi shekaru suna tara kuɗi, ko iyalan da suka ɗauki hutun shekara guda suka fito da 'ya'yansu.

Matuƙan na da wata tsohuwar ƙa'ida: idan an bar Kanari, a gangara kudu har sai zafi ya narkar da man shanun da ke cikin jirgi, sannan a juya yamma. Wannan gangarawa ta sa jiragen na bi ta daura da Muritaniya da Senegal. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke karkatowa su taka ƙasar Afirka, kuma babban dalili shi ne rashin wurin tsayawa.

Mece ce marina?

A wajen Bahaushe, marina wurin rini ce, kamar ta Ƙofar Mata a Kano. A bakin ma'abota teku kuwa, kalmar na nufin tashar da aka gina musamman domin ƙananan jiragen shaƙatawa, dabam da babbar tashar da jiragen dakon kaya ke amfani da ita.

Abu na farko da ake buƙata shi ne katangar duwatsu da za ta tare igiyar ruwa. A bayanta ake shimfiɗa gadoji masu iyo, waɗanda ke hawa da sauka tare da ruwa, kowane jirgi da gurbinsa da wurin ɗaure igiya. A gefen kowane gurbi akwai famfon ruwan sha da wurin jona wutar lantarki.

Sai kuma wurin shan mai, da banɗaki da wurin wanka da na wanki, da wurin kwashe ƙazantar jirgi da baƙin mai don kada a zubar a teku. Tashar da ta amsa sunanta takan kasance da injin ɗaga jirgi daga ruwa a ajiye shi a tudu, domin a kankare gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa cikinsa, a sake fenti. Kusa da nan za a samu bakanike da mai walda da kafinta da mai ɗinkin filafilai da kantin kayan gyara.

Ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar ruwan sha da ya wuce lita ɗari kaɗan, kuma gudunsa bai wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa ba. Saboda haka matuƙi kan tsara tafiyarsa ne daga tasha zuwa tasha, kamar yadda fatake ke lissafin zango daga rijiya zuwa rijiya. Inda babu tasha, komai kyan wurin, yawanci wucewa ake yi.

Akwai kuma batun takardu. Jirgin da ya shigo ruwan wata ƙasa yakan ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar yana neman izinin shiga, sannan matuƙin ya je wajen jami'an shige da fice da na kwastan da na tashar ruwa. A ƙasashen da suka saba da irin waɗannan baƙi, ofisoshin na cikin marinar, a gama komai cikin awa ɗaya. A wasu wuraren kuwa sai mutum ya wuni yana yawo a tasi daga wannan ofis zuwa wancan.

Abin da ya sa ƙasashe ke zuba kuɗi a irin waɗannan tashoshi shi ne yadda baƙin ke kashe kuɗi. Fasinjan babban jirgin yawon buɗe ido a cikin jirgi yake ci, a ciki yake kwana, ya sauka da safe ya koma da yamma. Mai ƙaramin jirgi kuwa yakan yi makonni a gari. A kasuwa yake cefane, masu sana'ar garin yake bai wa gyara, wani lokaci ma ya bar jirgin na tsawon watanni yana biyan kuɗin ajiya da na mai gadi.

Iskar da ke kawo hunturu

Ba haka kawai aka zaɓi watan Nuwamba ba. Lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika yana farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, don haka jiragen kan jira ƙarshensa. A daidai lokacin ne kuma iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas take daidaita, ta yi ta tura jirgi daga baya dare da rana. Ita ce ta tura jiragen Christopher Columbus bayan da ya bar tsibirin La Gomera na Kanari a watan Satumban 1492.

Wannan iska 'yar'uwar wadda ke kawo hunturu ce a ƙasar Hausa. Ƙurar da take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan wuce gaɓar teku ta lulluɓe tsibiran Cape Verde daga Disamba zuwa Fabrairu. A irin wannan hazo, matuƙi kan iso dab da tsibiri mai dogayen duwatsu bai hango shi ba, filafilansa da igiyoyinsa sun yi jawur da ƙura.

Mindelo: ƙaramar tasha da ta sauya hanya

Cape Verde, ƙasar tsibirai 10 da ke kimanin kilomita 600 yamma da Dakar, ita ce misalin abin da tasha guda ke iya yi. Birnin Mindelo da ke tsibirin São Vicente yana da mashigin ruwa mai faɗi da duwatsu suka kewaye. A ƙarni na 19 kamfanonin Birtaniya sun mayar da shi wurin shan gawayin kwal ga jiragen da ke zuwa Kudancin Amurka da Afirka ta Kudu. Da jirage suka koma amfani da mai, harkar ta mutu, garin ya shiga talauci, jama'a da dama suka yi ƙaura.

Marinar Mindelo, wadda ke da gurabe fiye da 100, ba ta kai ko kusa da ta Las Palmas mai gurabe sama da 1,000 ba. Amma samuwarta ta ishi masu shirya gangamin ARC su buɗe sabuwar hanya a 2013 mai suna ARC+. Jiragen kan yi tafiyar mil 850 na teku daga Las Palmas zuwa Mindelo, su huta kwanaki, su yi gyara da cefane, sannan su tsallaka. Hakan na rage tsawon zangon da za a yi ba tare da ganin ƙasa ba, abin da ke jan hankalin masu ƙananan yara da sababbin shiga.

A Janairun 2023 kuma gasar tseren jiragen ruwa ta kewaya duniya, The Ocean Race, ta yi zangonta na farko a Mindelo bayan tashi daga Alicante ta Sifaniya.

Duk da haka akwai ƙalubale. São Vicente tsibiri ne mai ƙarancin ruwan sama, ruwan da jama'a ke sha daga teku ake tace shi a cire gishiri. Don haka a marinar da awo ake sayar da ruwa, kuma baƙon da ya saba wanke jirginsa da tiyo a Turai dole ya koyi tattali. Kayan gyara da yawa ma sai an yi odarsu daga waje.

Dakar da Banjul: kyan wuri, ƙarancin kayan aiki

Waɗanda suka karkato zuwa Senegal yawanci a mashigin Hann da ke Dakar suke tsayawa, gaban wata tsohuwar ƙungiyar matuƙa mai suna Cercle de la Voile de Dakar. Babu gurabe irin na Mindelo. Jirgi kan jefa anga, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ke kama ƙasan ruwa, sannan ƙaramin kwale-kwale ya riƙa jigilar mutane zuwa gaɓa. Ruwa da mai a jarka ake kai su. A harabar ƙungiyar akwai masu ɗinki da makanikai da mata masu wanki da sayar da abinci, waɗanda abincinsu ya dogara da zuwan baƙin.

Matsalar Hann ita ce ƙazanta. Wurin da a da ake yabon farin yashinsa ya zama matattarar ruwan kwata da dagwalon masana'antun da suka kewaye shi. A 2020 gwamnatin Senegal ta ƙaddamar da aikin tsabtace mashigin da tallafin Faransa da Holan da Tarayyar Turai. Sannan jirgin baƙo na buƙatar takardar kwastan ta wucin gadi mai suna passavant, wadda wa'adinta gajere ne, sai an koma an sabunta.

Abin da ke jawo baƙin duk da wannan wahala shi ne abin da ke gaba. Tsibirin Gorée, mai tarihin cinikin bayi, wanda UNESCO ta sanya a jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, yana nan a bakin Dakar. Kudu kaɗan akwai bakin kogin Saloum mai ɗaruruwan rassa da tsibirai, inda itatuwa ke tsiro a cikin ruwan gishiri, shi ma ya shiga jerin a 2011. Wata ƙungiyar agaji ta Faransa, Voiles Sans Frontières, ta daɗe tana amfani da jiragen masu yawon shaƙatawa wajen kai ma'aikatan lafiya da kayan makaranta ƙauyukan Saloum da mota ba ta isa. Can ƙasa kuma akwai kogin Casamance da ke kaiwa har birnin Ziguinchor.

A Gambiya, bayan an gama takardu a Banjul, jirage kan shiga wani rafi su tsaya a Lamin Lodge, wani ginin katako da aka kafa a kan turaku, inda mutanen yankin ke kula da jiragen baƙi. Daga nan ake haurawa Kogin Gambiya, a wuce tsibirin Kunta Kinteh, har a kai inda ruwa ya daina gishiri ana ganin dorinai da kadoji. Sai dai gadar Senegambiya da aka buɗe a Janairun 2019 kusa da Farafenni, wadda ta sauƙaƙa wa dubban matafiya da direbobin manyan motoci, ta tare hanya ga jiragen da sandarsu ta cika tsawo.

Idan aka kwatanta da arewa, bambancin a fili yake. Maroko ta gina marina a Agadir da Tanja da kuma bakin kogin Bouregreg tsakanin Rabat da Salé, kuma jiragen da ke gangarowa daga Turai sun mayar da su zango.

Mashigin Tekun Gini

Daga Guinea-Bissau zuwa gabas, jiragen shaƙatawa na baƙi sai ɗai-ɗai. Yanayi na daga cikin dalilai. Kusa da tsakiyar duniya iska kan ɗauke na kwanaki, gaɓar kuma miƙaƙƙiya ce mai igiyar ruwa mai ƙarfi, ba ta da mafaka da yawa. Hatta jiragen da ke tasowa daga Cape Town ta Afirka ta Kudu sukan bi ta Namibiya da tsibirin Saint Helena ne su nufi Brazil.

Amma abin da ya fi korar baƙi shi ne fashin teku. Hukumar IMB mai bibiyar hare-haren da ake kai wa jiragen ruwa ta ce cikin ma'aikatan jirage 135 da aka yi garkuwa da su a duniya a 2020, 130 a Mashigin Tekun Gini aka sace su. Najeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, sannan a Yunin 2021 ta ƙaddamar da shirin Deep Blue a ƙarƙashin hukumar NIMASA, da jiragen sintiri na ruwa da na sama. Hare-haren sun ragu sosai tun daga lokacin, amma tabon suna ba ya gogewa da wuri, kuma mai ƙaramin jirgi da iyalinsa a ciki ba ya gwada sa'a.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, kuma ƙungiyar Lagos Yacht Club na nan tun 1932. Akwai jiragen shaƙatawa masu tsada a ruwan Ikoyi da Victoria Island, sai dai na mazauna Legas ne da ke zuwa Tarkwa Bay da sauran wuraren hutu a ƙarshen mako. A Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa ma'aikata ta musamman domin harkokin teku da arzikin da ke cikinsa, amma har yanzu Legas ba ta cikin jerin zangon masu kewaya duniya a ƙananan jirage.

Teku ɗaya, tafiya biyu

A kan wannan ruwa da jiragen shaƙatawa ke gangarawa kudu, akwai wasu matafiyan da ke haurawa arewa. Kwale-kwalen kamun kifi ne na katako, maƙare da mutane, da ke tashi daga Senegal da Gambiya da Muritaniya suna neman isa tsibiran Kanari. Daga Senegal tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma iska da igiyar ruwan da ke taimakon masu gangarawa su ne ke yaƙar masu haurawa.

Alƙaluman ma'aikatar cikin gida ta Sifaniya sun nuna mutum 39,910 ne suka isa tsibiran ta wannan hanya a 2023, adadin ya ƙaru zuwa 46,843 a 2024. Ƙungiyar Caminando Fronteras ta ƙiyasta cewa sama da mutum 9,000 sun mutu ko sun ɓace a hanyar a 2024 kaɗai.

Idan inji ya mutu ko mai ya ƙare, iskar nan da ke kai jiragen ARC Karibiyan ita ce ke jan kwale-kwalen yamma. A Mayun 2021 masunta a tsibirin Tobago sun tsinci wani kwale-kwale da ya taso daga Muritaniya, gawarwaki ne kawai a ciki. A Afrilun 2024 an ga irinsa a gaɓar jihar Pará ta Brazil. A Agustan 2023 kuma an ceto mutum 38 kusa da tsibirin Sal na Cape Verde, daga cikin kimanin 100 da suka bar ƙauyen masunta na Fass Boye a Senegal fiye da wata guda kafin nan.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 98, ta wajabta wa kowane matuƙi taimakon wanda ya tarar cikin haɗari, matuƙar hakan ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin babban haɗari ba. Amma jirgi mai ɗaukar mutum huɗu ko shida ba zai iya kwasar mutum 100 ba. Shawarar da ake bai wa matuƙan ita ce su kira masu aikin ceto ta rediyo ko wayar tauraron ɗan'adam, su faɗi ainihin wurin, su tsaya kusa har taimako ya iso.

Bambancin matafiyan biyu bai tsaya a girman jirgi ba. Ɗan ƙasar Tarayyar Turai da ya iso Dakar a jirginsa ba ya buƙatar biza don gajeriyar ziyara. Masuncin Mbour ko Saint-Louis da ke son zuwa Las Palmas kuwa sai ya samu bizar Schengen, wadda da wuya a ba irinsa.

Wa zai amfana?

Da yawa daga cikin masu hawa kwale-kwalen nan masunta ne da kifi ya yi wa ƙaranci, mutanen da suka san teku, suka iya gyaran inji da sassaƙa jirgi da saƙa igiya. Irin hannuwan da marina ke ɗauka aiki ke nan. Tasha mai gurabe 100 ba za ta tsayar da ƙaurar dubban matasa ba, amma za ta iya ciyar da gidaje da dama, kamar yadda ake gani a Mindelo.

Sai dai ginin marina na da nasa haɗarin. Wurin da ya dace da ita, wato lungun da igiyar ruwa ba ta dukansa, yawanci shi ne inda masunta suka gada suna jan kwale-kwalensu, mata na shanya kifi. Idan aka kewaye shi da katanga aka sa mai gadi a ƙofa, an kori masu wuri ke nan domin baƙi. Yashe ƙasan ruwa da sare itatuwan gaɓa kuma na lalata wuraren da kifi ke hayayyafa.

Abin da misalan Mindelo da Hann da Lamin suka nuna shi ne baƙin ba katafaren gini suke nema ba. Suna neman wurin ɗaure jirgi da za su yi barci hankali kwance, da ruwa mai tsabta, da man da ba a gauraya ba, da wanda zai ɗaga jirgi ya gyara, da ofishi ɗaya mai farashi a rubuce. Matuƙan kan bai wa juna labari ta rediyo da shafukan intanet, don haka tashar da ta kyautata wa jirgi ɗaya bana, baɗi za ta ga wasu sun biyo sawunsa, wadda aka tatsi baƙo a cikinta kuma labarinta ya riga ta isa Las Palmas.

A Nuwamba mai zuwa jiragen za su sake ficewa daga Kanari, su gangaro kudu ta daura da Nouadhibou da Saint-Louis da Dakar. Yawan waɗanda za su karkato gabas ya dogara ne da abin da hukumomin tashoshin ruwa da na kwastan na ƙasashen yankin suka tanadar musu a gaɓa.